Wayar Auta a Cikin Tukunyar Gero

Matso nan kusa, ja tabarmar ka zauna, akwai maganar da na daɗe ina dannewa a ƙirji, yau kuma ta ƙi kwanciya. Kada ka tambaye ni shekara, ni ban iya riƙe shekaru ba. Na dai san lokacin da mutane suka riƙa kwararowa garin nan daga arewa, ta kan gada, katifa a ka, akuya a igiya, yaro a wuya, lokacin da la'asar na yin sanyi kowa ke ɗaga ƙafa saboda dokar hana fita. Abu biyu suka tono min ita, kuma duk a sati ɗaya. Na farko, magina da ke zuba siminti a tsakar gidanmu na Jambutu, nan Jimeta, sun ja tsohuwar tukunyar geron Dada, mahaifiyarmu, gindin ya zauna a ƙasa, ta rabe gida biyu. Na biyu, 'yar maƙwabciyata da ke kwaleji tana kwance a kan wannan tabarmar da kake zaune, tana ɓarar gyaɗa, sai ta taɓa wayarta da babban yatsa, ta yi hamma ta ce, "Shi ke nan, Goggo, na sanar da ajinmu an canza lokacin gwaji." Na ce duka ajin? Ta ce duka. Na ce yanzu-yanzun nan, kina kwance? Ta yi dariya ta ce to da tsaye zan yi? Ludayi ya kuɓuce daga hannuna ya faɗa cikin kunu.

Ni ba 'yar boko ba ce. Aji huɗu na yi a firamare idon Dada ya fara hazo, na dawo gida, tun daga nan gida ya zama duniyata. Ko da na yi aure ban yi nisa ba, maigidana direban babbar mota ne, yakan yi sati uku a hanya, don haka a gindin Dada nake zaune ina dama kunun gyaɗa ana saye. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina madafa nakan san wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa. Nakan san kurar mai ruwa cike take ko wofi tun tana bakin layi. Nakan san Dada ta farka daga yadda carbinta ya canza tafiya. A wancan zamanin gidan nan sauti ne tun asuba: turmina, turmin maƙwabta yana amsawa ta kan katanga, injin niƙa yana tari kafin ya kama, kiran salla daga masallatai uku da ba sa taɓa farawa tare, ran Lahadi kuma gangar coci daga bayan layi. Yanzu ƙullun gyaɗa a roba ake sayowa, kowa ya cusa abu a kunne, gida shiru kamar ɗakin jinya. Wani lokaci nakan buga murfin tukunya da gangan don in ji ana raye.

Auta ƙanwata ce, ni na goye ta, Adda take ce min, wato yaya. Abin da ban samu na karatu ba ita ta samu, ta kai kwalejin horon malamai, tana shekarar ƙarshe. Muryarta babba, rubutunta mai kyau, ba ta kuma iya cewa a'a ba, sai suka zaɓe ta shugabar aji. Kai da ka taso yanzu za ka ɗauka suna ne kawai. A lokacin ba haka ba ne. Lakcara ba ya kiran kowa sai shugaba. In an ɗaga darasi, in an canza ɗaki, in an sa ranar jarrabawa, ita kaɗai za a gaya wa. Ita kuma ta kira mutum bakwai, kowane ɗaya cikin bakwai ɗin ya kira nasa ko ya taka da ƙafa, har magana ta kai ga na ƙarshe. Sarƙa suke ce wa abin. Kuma kan sarƙar a hannun Auta yake. In ta yi shiru, aji ya kurumce.

Da aka rufe makarantun can arewa aka zubo musu ɗaliban can, ajin ya cika har ana zama a taga. Waɗannan ba su da ɗaki a makaranta. Wasu a harabar coci a Karewa suke kwana, wasu a zaurukan dangi a Yola Gari, wasu ma yau nan gobe can. Da yawa wayarsu ta faɗi a daji garin gudu. Duk suka zama na Auta. Ita ce mai neman wa wance tabarma, ita ce mai kai takardun darasi a buga wa wanda littattafansa suka ƙone, ita ce mai tsayawa a ƙofar ofis don a sa sunan wanda aka manta. Ga nata karatun: tana zuwa koyar da yara a wata firamare ana duba ta, tana rubuta aikin bincikenta na gamawa, ga kuma wata jarrabawa guda da ke binta. Bara ta rasa ta saboda ta kai wata 'yar ajinsu mai naƙuda asibiti da safiyar ranar. Kariyoba suke ce mata. Ta zaunar da ni ta yi min bayani da cokali da ludayi: in ta sake rasa wannan, shekara guda ta tafi, sa'o'inta su fita su bar ta.

A madafa take karatu, don nan ne kawai ba a sallama da ita. Ta zauna a kan turmi a kife, ta riƙa karantawa da ƙarfi don kada barci ya sace ta, ni kuma ina tankaɗe ina ji. Turancin ban san ma'anarsa ba, amma yana manne min kamar waƙar talla. In murya ta fara ja, ta yi shiru, kai ya sunkuya, sai ta zabura ta ce, "Adda, ina na tsaya?" Sai in maimaita mata sautin ƙarshe. Ta ce, "Wallahi ke ya kamata a ba takardar nan." Na ce a ba ni, in naɗe ƙosai da ita. Wayarta kuma 'yar ƙarama ce, gilashin ya fashe rabinsa ya yi baƙi, ba ta ganin sunaye. Lambobin suna cikin wani littafi mai jan bango, in za ta kira sai ta buɗe ta riƙa faɗin lambar da baki tana dannawa. Kullum, wani lokaci sau uku a yini, lambobi iri ɗaya, a jere iri ɗaya. Ina daka ina jinsu suna hawa kan tabarya.

Barci kuwa, ban san yaushe take yinsa ba. Na kwanta na bar ta zaune, na tashi na tarar da ita zaune. Ta fara zuba gishiri a shayi. Ta fita da takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa, har ta kai titi. Ran nan ta yi sujada a sallar la'asar ba ta ɗago ba, na tsaya ina kallo har na tsorata, na taɓa ta, ta ɗago tana cewa, "Na'am, Malam, yanzu zan sanar." Idanunta suka faɗa, wuyanta ya yi tsawo. Dada ba ta gani sosai amma tana ji. Daga kan tabarmarta takan ce, "Ni dai mutum na haifa, ban haifi fitila ba, da za a kunna ta a bar ta har mai ya ƙare." Auta ta ce, "Dada, saura kaɗan, in an gama jarrabawa zan yi barcin sati." Dada ta ce, "Haka kika ce da azumi." Na ce mata ta ajiye shugabancin, ta ba wani. Ta dube ni kamar na ce ta jefar da jariri. Ta ce, "Adda, wa zan ba? Su waɗannan ba su san kowa a garin nan ba sai ni."

Jarrabawar da ke binta an sa ta ran Alhamis da ƙarfe biyu na rana. Ran Laraba, ana irin zafin nan na Yola da kwano ke ƙara shi kaɗai a kan rufi, na ji keken haya mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa bayan azahar. Na ji takunta a zaure, amma ba nata ba ne, kamar ana jan buhu. Kafin in ajiye tabarya ta shigo, ta ce, "Adda, ruwa," sai ta zube a bakin randa. Jini yana fita ta hanci, ya ɓata hijabin, ya ɓata zanina da na tallafo ta. Kwana uku ke nan ba ta miƙe bayanta a shimfiɗa ba. Na jiƙa tsumma na ɗora mata a goshi, na kai ta ɗakin Dada na kwantar. Idonta a rufe, amma hannunta na lalube. "Wayata, Adda. In ta yi ƙara ki tashe ni. Ko sau ɗaya ne. Ki yi min alkawari." Na ce to. Ta ce, "Ki ce wallahi." Na ce ki kwanta mana, sarkin surutu. Ban ce wallahi ba. Har yau ina riƙe da wannan kamar wanda zai fisshe ni, alhali na san ba zai fisshe ni ba.

To, a gidanmu akwai al'ada. Duk abin da Dada ba ta so ya fashe ko a gani, cikin gero take binne shi. Ƙwan zabi, 'yan kunnenta na aure, makullin akwati, har maganin da ba ta so jikoki su taɓa. Tukunyar babba ce, ta kai min ƙugu, tana lungun madafa. Tun muna yara mun san abin da ya shiga gero ya huta. Na zare wayar daga hannun Auta, na tsaya da ita a tsakar gida. Kashewa ban iya ba, kuma ina tsoron in danna wani abu in ɓata. Sai ƙafata ta kai ni inda ta saba. Na tura hannu har gwiwar hannu, na saki wayar, na shafe saman geron, na mayar da faifai. A raina na ce jarrabawa sai gobe da rana. Duk mai neman tabarma ya nemi tabarma da kansa yau. Duniya ba za ta tashi ba don yarinya ta yi barcin yini ɗaya.

Ba a jima ba ta fara. Wani ba zai ji ba, amma ni na ji: wani gurnani can ƙasa, kamar ƙwaro ya shiga kwalba. Ya yi ya yi ya tsaya. Ya sake. Na ɗauki tabarya na hau dakan gyaɗar da ta riga ta daku. Na wanke kwanukan da na riga na wanke. In na tsaya sai in ji shi, in leƙa ɗaki in ga Auta ta baje, baki a buɗe, numfashi yana fita a hankali kamar na jariri, rabon da in ga fuskarta haka tun tana 'yar firamare. Sai in koma. Wajen magariba Dada ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

"Ke, kin ji abin da nake ji?"

"Ƙwaro ne, Dada."

Carbinta ya tsaya. Sannan ta ce, "To. Ƙwaro ne." Carbi ya ci gaba.

Bayan isha'i gurnanin ya yi wani gajeren kuka ya mutu. Na ce alhamdulillahi, ka ji wautata. Da asuba na tashe ta ta yi salla ido a rufe, ta ce ƙarfe nawa, na ce da saura, ta koma ta kwanta.

Ana sakin mutane da safe, rana ba ta gama fitowa ba, na ji gudu a layi, takalmin roba yana faɗa da ƙasa. Rifkatu ce, mataimakiyar Auta, 'yar wajen Numan, Hausarta ba ta raba mace da namiji, a ɗakin kwanan makaranta take zaune. Kullum in ta zo sai ta tsaya ta gaishe da Dada ta sha kunu kofi biyu tana cewa na rage sukari. Ran nan ko sallama babu.

"Adda, Shugaba yana ina? Tun jiya muna kira!"

"Tana barci, ba ta da lafiya. Rage murya."

"Barci? Yesu! Adda, an dawo da jarrabawa ƙarfe tara! Na safe! An ce kowa ya bar makaranta kafin azahar, za a rufe. Malam ya kira shi ya kira shi, bai ɗauka ba. Mu na ciki mun gani a allo da yamma, amma na waje fa? Ba wanda ya sani! Na so in zo jiya, doka ta kama ni."

Ban san lokacin da Auta ta fito ba. Na juya na gan ta a bakin ƙofa, shatin tabarma a kumatunta. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Adda, ina wayata?" Dada ce ta ce daga ciki, "Duba gero." Auta ta ture faifan, ta zura hannu biyu, gero na zuba a ƙasa kaji na rububi, ta zaro ta. Ta danna, ta danna. A mace. Ba wuta a unguwa tun shekaranjiya. Ta ce, "Sau nawa ta yi ƙara?" Na ce ban ƙirga ba. Ƙarya nake. Talatin da ɗaya.

Rifkatu ta ce ga tata wayar, a kawo jan littafi. Auta ta dafe kai. Littafin yana cikin durowa a ofishin ƙungiyar ɗalibai, a kulle, mai makullin kuma yana cikin waɗanda ba su sani ba. Ta fara faɗin lamba ta farko, ta kai tsakiya ta tsaya, ta sake, ta haɗa ta wani da ta wani. Kan da ya yi wata da watanni ba barci, barcin dare ɗaya bai gyara shi ba. Ta zauna a ƙasa cikin geron, ta ce, "Sun gudo daga mutuwa sun zo nan, ni kuma na kashe musu shekara ina kwance."

A nan bakina ya buɗe da kansa. Na ɗauki tabarya, don ba na iya tunawa sai da ita, na buga a turmi wofi, na fara rera lambar farko yadda take faɗinta, da Turancinta da inda take jan numfashi. Rifkatu ta saki baki. Auta ta ce, "Danna! Danna, ita ce!" Ta shiga. Wani yaro ya ɗauka da muryar barci, Auta ta fizge wayar: "Tara ne, ba biyu ba! Tashi ka gaya wa naka, ka ruga!" Na buga turmi, na rera ta biyu. Ta uku. Malama Saratu maƙwabciyarmu ta ji hayaniya ta leƙo ta katanga, ta miƙo tata wayar, aka riƙa kira biyu-biyu. Ta huɗu, ta biyar, ta shida, ko ɗaya ban yi tuntuɓe ba. Hawaye na zuba, tabarya na tafiya. Na ji a raina Allah ya kawo min hanyar wanke abin da na yi.

Auta ta ce, "Ta bakwai, Adda."

Na buga turmi. Shiru. Na sake bugawa. Babu komai a kaina, fayau.

Ta bakwai ta Asabe ce, wata mai goyo da ta zo daga can, ba ta san inda mijinta yake ba, tana zaune a gidan kawun mijin a Yola Gari. Wayar ma ta kawun ce. Ita ke taka ƙafa ta gaya wa mutum huɗu da ke lungunan can. Kuma duk ranar duniya in Auta za ta kira ta, sai ta ɗauki littafin ta fita gindin darbejiyar ƙofar gida, saboda Asabe takan yi kuka a waya, Auta ba ta so Dada ta ji. Ban taɓa jin lambar nan ba. Kunnen da nake taƙama da shi, iyakarsa zaure.

Auta ta miƙe ta kakkaɓe gero. Ta ce wa Rifkatu, "Koma makaranta, ki zauna a kujerarki." Rifkatu ta ce, "Kai fa? Naka ne kariyoba, ba nawa ba! Bari ni in je." Auta ta ce, "Kin san gidan? Lungu bakwai ne kafin ki kai, ni kaɗai na sani." Na riƙe mata hijabi na ce Auta, ki tafi jarrabawarki, mutum biyar ne, Allah zai duba su. Ta cire hannuna a hankali, yatsa ɗaya-ɗaya. Ta ce, "Jiya ma haka kika ce a ranki, ko?" Ta fita da hijabin jiya, da tabon jinin a gaba.

Ka san tsakanin Jimeta da Yola Gari ba nan kusa ba ne, balle a lokacin, da shingaye a hanya, a sauke ku daga keke ku taka da ƙafa hannu a sama, ku sake hawa. Na zauna a madafa ina tsince geron da ya zube, ƙwaya-ƙwaya, ina raba shi da ƙasa, don in ban ba hannuna aiki ba zan yi ihu. Masu sayen kunu suka yi sallama suka gaji suka tafi. Duk keken da ya rage gudu a titi sai zuciyata ta tsaya. Rana ta hau katanga, ta sauko tsakar gida, ta kai bakin randa, na san tara ta wuce. Carbin Dada ma ban ji shi ba ran nan.

Bayan azahar na ji takunta. A hankali, daidai, ba ja. Ta shigo ta zauna a kan turmin da take karatu. Ta ba da labari kamar mai karanta wasiƙar wani. Ta sami huɗun, gida-gida, ta cusa su a keke ɗaya. Akwai wurin mutum guda a gaba kusa da direba, suna ta ce mata ta hau. Da ta hau da ta isa. Amma Asabe ba ta gida, ta ɗauki yaron tun da sassafe ta kai shi rigakafi, tunda a saninta sai ƙarfe biyu. Auta ta ce wa keke ya tafi. Ta bi asibitin unguwa, ba ta nan, ta bi na gaba, ta same ta a layi. Suka iso makaranta an rufe ƙofar ɗakin tun da daɗewa. Ta roƙa, ta ce a bar Asabe kawai ta shiga, ita ta haƙura, laifin nata ne. Mai tsaron jarrabawar ya ce shi ma ba shi da iko, wasu har sun fara fitowa, takarda ta riga ta fita. Suka zauna a kan dakali su biyu da jariri, suna jin ana tattara takardu a ciki.

Na durƙusa a gabanta, ni da na goye ta. Na ce ki zage ni, Auta, ki ɗaga murya, ki yi wani abu. Ta dube ni da idanun da suka washe, fari tas, rabon da in gansu haka na manta. Ta ce, "Adda, na yi barci mai daɗi. Tunda nake ban taɓa yin irinsa ba. Shi ya fi yi min ciwo."

An rufe makarantar, aka daɗe kafin a buɗe. Da aka buɗe Asabe ba ta dawo ba. Kawun ya ce zaman ya isa, tunda karatun bai yiwu ba, ya tura ta wajen wasu dangi a wani gari. Auta ta neme ta har ta gaji. Ita kuwa ta maimaita shekarar, ta zauna da ƙannen bayanta, ranar da su Rifkatu suka sa rigar gamawa ita ta riƙe musu jaka. Ta gama daga baya. Yanzu malama ce, da 'ya'yanta uku, furfura ta fara mata a gefen kai tun kafin ni. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko sau ɗaya. Tana zuwa duk Juma'a, ta kawo min lemo, mu yi hira mu yi dariya. Amma ka lura in ka gan ta: a gidan nan ba ta kwanciya. Ko da cikin fari, ko ranar da muka binne Dada da ta kwana biyu a tsaye, zama take yi ta jingina da bango, waya a cikin tafin hannu, yatsu a rufe a kanta. In na ce kawo in sa miki a caji, sai ta yi murmushi ta ce, "Bar shi, Adda, akwai wuta."

Malama Saratu ta sha gaya min cewa yadda ta ga yarinyar nan a satin, da ba ta kwanta ba da wani labarin ake yi, wai jikin mutum ba ya yin gargaɗi sau biyu. Wataƙila. Nakan ɗauki maganar in juya ta, wata rana ta yi min nauyi a hannu, wata rana ba komai a ciki. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da saƙo ɗaya ke isa ga kowa kafin a gama hamma, ba sarƙa, ba mai ɗaukar aji a ka. Na ji daɗi da abin ya zo musu da sauƙi, wallahi na ji daɗi. Sai dai da maginan nan suka ce za su zubar da fasassun tukunyar, na hana. Suna nan a lungun madafa. Jiya da rana, gida shiru, na ɗauki ɓari ɗaya na kara a kunne kamar wata sakarya.

To kai da ka zauna ka ji ni har ƙarshe, ka gaya min tsakaninka da Allah: ga jinin ƙanwarka bai bushe a zaninka ba, ga ta can ta samu barci karo na farko cikin kwana uku, ga abu yana gurnani a cikin gero, ba ka san ko mai neman tabarma ba ne ko mai neman rai. A ƙara ta nawa za ka tashe ta?